Kura da Shan Bugu, Gardi da Amsar Kuɗi: Lasisin Kamfanonin Gadi Wa Yake Karewa?

Ina gabatar da wani shirin dare a gidan rediyon da nake aiki a Maraɗi, irin wanda ake buɗe layi kowa ya kira ya faɗi abin da ke ransa. Duk wanda ya taɓa yin wannan aiki ya san masu kira bayan ƙarfe 11 na dare: direbobin manyan motoci, masu jinya a asibiti, masu shayi, sai kuma masu gadi. Masu gadin sun fi kowa yawa, tunda su sana'arsu ce hana ido barci. Daga lokacin da muka fara sa shirin kai tsaye a Facebook, sai ga kira da saƙonnin murya suna shigowa daga Kano da Abuja da Legas da Fatakwal, kuma da ka ji harshen mutum ka san ɗan gida ne, ci-rani ya kai shi.

Wani dare cikin hunturun bara, wani bawan Allah ɗan yankin Dakwaro ya kira daga Abuja. Ya ce yana gadi a wata unguwar masu hali ƙarƙashin wani kamfani, da kakinsa da hularsa da tambarin kamfanin a kafaɗa. Wata uku ba a ba shi albashi ba. Ana cikin haka aka sace batiran janareta a ɗaya daga cikin gidajen da yake tsaro, aka kwashe su su biyu aka kai ofishin 'yan sanda. Da aka nemi kamfanin ya zo ya yi belinsu, sai manaja ya ce sunan wannan ba ya cikin jerin ma'aikatansu, wai ɗan taimako ne kawai. Kwana huɗu ya yi a tsare, sai da 'yan garinsu masu ga-ruwa da masu facin taya suka yi karo-karo suka fito da shi. Da ya gama ba da labarin sai ya ce: "Malam, tambaya gare ni. A ofishin kamfanin nan akwai wata takardar gwamnati da aka sa wa gilashi aka rataye a bango, kowa ya shigo sai an nuna masa ita. To ita wannan takardar, me ta hana su yi?"

Na yi shiru makirfo na buɗe, abin da aka hana mu tun muna makarantar koyon aikin jarida. Amsar da na kasa ba shi a daren nan ita nake so in bayar yanzu, kuma ba mai daɗin ji ba ce. Takardar nan lasisi ce, kuma yadda ake tafiyar da ita a yau, ba abin da ta hana a yi wa mai gadi. Tana yi wa gwamnati amfani, don ta san wa ke tara maza yana sa masu kaki, ta kuma karɓi kuɗinta. Tana yi wa mai kamfani amfani, don da ita yake neman kwangila a bankuna da ma'aikatu. Mutumin da ke tsaye a bakin ƙofa cikin sanyi da sauro shi kaɗai ne ba shi da rabo a cikinta. Kura da shan bugu, gardi da amsar kuɗi.

Wani zai ce, kai ɗan Nijar, ina ruwanka da dokar Najeriya? Ai ni ke da ruwa. Tun farin 1973 da 1974 da ya karkashe dabbobi, da yunwar 1984 wadda iyayenmu suka raɗa wa suna El-Buhari saboda ta zo daidai lokacin da aka rufe iyaka, mutanenmu suke gangarawa kudu neman abin kaiwa baka. Buzayen da suka rasa raƙuma, da Hausawan Adar da Gobir da Damagaram da gona ta ƙi, da yawansu gadi suka kama. Har ya zama a birane da dama na Najeriya, in an ce Buzu, abin da ke zuwa wa mutum a rai shi ne mai rawani zaune a bakin get da butar shayinsa. Kawuna, ƙanin mahaifiyata, shekara 19 ya yi yana gadin gida guda a Kano. Da kuɗin gadin nan aka saya mani littattafai ina lakwal. Ranar da ƙafa ta gaza, aka sallame shi da buhun shinkafa da kuɗin mota. Babu takarda ko ɗaya a duniya da ke nuna ya taɓa yin aikin ko da na yini guda. Saboda haka in na yi magana a kan wannan doka, maganar gidanmu nake yi.

Mu duba dokar kanta. A 1986, zamanin mulkin Janar Ibrahim Babangida, aka kafa dokar soja mai lamba 33 a kan kamfanonin gadi masu zaman kansu, kuma har yau ita ce ginshiƙin harkar. Ta ce ba wanda zai yi sana'ar ba da masu gadi sai ya yi rajistar kamfani, sai ya samu lasisi daga ministan harkokin cikin gida, kuma sai kamfanin ya zama mallakar 'yan Najeriya ɗungurungum. Ta hana masu gadin kamfani riƙe bindiga. Ta sa ido a kan kaki, don kada wani ya ɗinka wa yaransa abin da zai sa a ɗauke su 'yan sanda ko soja. Daga baya, da aka yi wa hukumar Sibil Difens doka a 2003, aka kuma yi wa dokar gyara a 2007, sai aka ɗora mata alhakin duba kamfanonin nan, da ba da shawarar wanda ya cancanci lasisi, da rufe wanda ya saɓa.

Ka sake bin jerin nan a hankali, ya mai karatu, ka tambayi kanka: tsoron me wanda ya rubuta dokar yake ji? Gwamnatin soja ce wadda ita kanta da juyin mulki ta zo a 1985, ƙasar kuma ba ta daɗe da fita daga tarzomar Maitatsine ba. Abin da ke hana ta barci shi ne kada wani attajiri ko wani baƙo ya tara rundunarsa da sunan gadi. Wannan tsoro yana da hujja, ban raina shi ba. Amma doka ce da aka tsara don kare gwamnati daga masu gadi. Kare mai gadi daga wanda ya ɗauke shi aiki bai kasance babban abin da ya dami masu tsara ta ba, kuma duk ƙa'idojin da aka yi ta ƙarawa daga baya ba su juya akalar ba a aikace.

Shaidar hakan tana cikin labaran da ke biyowa ta teburinmu a ɗakin labarai. Lokaci-lokaci za ka ji Sibil Difens ta garƙame ofisoshin wasu kamfanonin gadi a jiha kaza, an kira 'yan jarida sun ɗauki hoton kwaɗo a ƙofa. Laifin da ake ambata kusan kullum iri ɗaya ne: ba su da lasisi, ko ba su sabunta shi ba. A taƙaice dai, ba su biya ba. Kamfanin da ya biya kuɗin sabuntawa a kan kari, sannan ya danne albashin yaransa na wata uku, takardarsa tana nan a bango tana ƙyalli. Idan laifin da ya fi saurin rufe kamfani shi ne ƙin biyan gwamnati, ƙin biyan ma'aikaci kuwa sai dai a ce a yi haƙuri, to wannan takarda ta fi kama da rasit.

Mu zo ga lissafi, don a nan ne gaskiya take fitowa fili. A Yulin 2024 aka mayar da mafi ƙarancin albashi a Najeriya naira 70,000, daga 30,000 da aka tsayar a 2019. Mai gadi a mafi yawan wurare awa 12 yake yi, wasu ma kwana da yini suke a bakin aiki, ba Juma'a ba Lahadi. Awa 12 sau kwana 30, awa 360 ke nan. Ko da an ba shi 70,000 ɗin cif, awarsa ba ta kai naira 200 ba. To ina ga wanda ko wannan ba ya samu? Abin da masu kirana suke faɗa, bakinsu ɗaya ne: wanda ake yi wa gadi yana biyan kamfani kuɗi masu kauri a kan kowane mutum, amma abin da ke isowa hannunsu sau da yawa bai kai rabi ba. A cikin ɗan abin ma sai an yanke kuɗin kaki da takalmi, an yanke tarar gyangyaɗi, an yanke ta makara. Na yarda kamfani yana da ɗawainiya: hayar ofis, mota, masu zagayen duba aiki, haraji. Amma wace irin ɗawainiya ce za ta cinye fiye da rabin gumin mutum, kuma a ce wanda ya ba da lasisin ba shi da hurumin tambaya?

Ɗan Nijar kuma yana shan bugu na biyu. Shi da naira ake biyansa, iyalinsa kuwa da sefa suke awo. Tun da aka saki naira a tsakiyar 2023 darajarta ta zube, ita kuma sefa tana ɗaure da yuro. Albashin da a da in an canza shi a Jibiya ko Ɗan Isa yake sayen hatsi har a samu na cefane, yanzu jikkuna kaɗan yake fitarwa. Daren bai rage tsawo ba, sauron bai ragu ba, abin da ke isa gida ne kawai ya ƙanƙance.

Wannan duka a kan wanda ya yi sa'ar shiga kamfani ne. Mafi yawan mutanenmu ba su ma kai nan ba. Irin kawuna ne: maigida ya ce wa wani ya samo masa Buzu mai amana, a kawo shi, a nuna masa ɗan ɗakin da ke jikin get, shi ke nan an ɗauke shi aiki. Dokar 1986 da kamfanoni take magana, ba ta san da zamansa ba. Dokar mafi ƙarancin albashi kuma ta cire duk mai ɗaukar ma'aikatan da ba su kai 25 ba, saboda haka ita ma ta tsallake shi. Shi ne mai buɗe get, shi ne mai wankin mota, shi ne mai ban ruwan fulawa, shi Hajiya ke aike kasuwa, in dare ya yi kuma a ce ya kwana ido biyu. Ranar da aka yi sata, shi ne farkon wanda ake tuhuma. Ranar da 'yan fashi suka zo, shi ne farkon wanda ake ɗaurewa, in ba a yi sa'a ba a kashe shi. In ya mutu a bakin aiki, 'yan garinsu ne za su yi masa sutura, labari ya iso ƙauye ta waya.

Kada maigida ya ɗauka shi ya tsira. Mutumin da ka damƙa wa makullin gidanka, wanda ya san lokacin fitarka da makarantar 'ya'yanka, kai ba ka san cikakken sunansa ba, ba ka san ƙauyensu ba, ba ka san inda ya yi aiki kafin ya zo wurinka ba. A wannan zamani na satar mutane don kuɗin fansa, wannan ba ƙaramin sakaci ba ne. Mai gadin da ya ci amana a Kaduna zai iya kama aiki a Abuja mako mai zuwa, babu inda aka rubuta. Kuma laifin mutum ɗaya irin wannan, dubban masu amana ne ke biyansa, domin da an yi abu sai ka ji an ce ai baƙin nan ne. Littafin da zai tona asirin macuci shi ne zai wanke mai gaskiya, amma littafin babu shi.

Ba sai an ƙirƙiro sabon abu ba, akwai waɗanda suka riga suka gwada. Afirka ta Kudu ta yi doka a 2001 ta kafa hukumar PSIRA. A can kowane mai gadi da sunansa yake yin rajista, a ɗauki hoton yatsunsa, a duba ko yana da tarihin laifi, ya yi horo, a ba shi daraja daga E zuwa A, albashinsa kuma ya tafi daidai da darajarsa. Masu gadin da ke aiki da rajista a ƙasar sun haura rabin miliyan, sun fi 'yan sanda da sojojinta yawa ko da an haɗa su. Birtaniya ma a 2001 ta yi tata dokar, inda mai gadin kamfani yake riƙe da kati mai hotonsa, yana sabunta shi duk shekara 3, kuma katin nasa ne ko ya bar kamfanin. Kenya ta yi doka a 2016, sannan a ƙarshen 2023 hukumar da ke kula da harkar ta ba da umarnin kada a biya mai gadi ƙasa da shilin 30,000 a wata, ta kuma ce a ba kowane mai gadi lambarsa. Masu kamfanoni suka yi ca, aka shiga ja-in-ja. Amma ka lura da abin da hukumar ta yi: ta ɗaure lasisi da albashi da igiya ɗaya.

Ban ce waɗannan ƙasashe sun gama da matsala ba. Afirka ta Kudu, da duk yawan masu gadinta, tana cikin ƙasashen da aka fi yin kisan kai a duniya. Dokarta kuma ta keɓe rajista ga 'yan ƙasa da masu izinin zama na dindindin, sharaɗin da in aka kwafo shi zuwa Najeriya zai share mutanenmu gaba ɗaya. Abu guda nake so a ɗauko: takarda ta zama ta mutumin da ke yin aikin, ta bi shi duk inda ya koma, ta yadda ba manajan da zai buɗe baki ya ce bai san shi ba.

Na san abin da za a ce mani, don an riga an faɗa mani a cikin shirin. Wani dattijo mai gadi a Legas ya turo saƙo ya ce: "Ɗana, ka rufa mana asiri. Duk ranar da aka ce sai da kati, ka buɗe wa masu kaki sabuwar kasuwa. Yanzu ma a kowane shinge muna biya, balle a ce akwai wata takarda da ba mu da ita." Wannan magana ba ta wasa ba ce, kuma tarihi yana bayan dattijon. A 1969 gwamnatin Busia ta kori baƙi daga Gana, a 1983 gwamnatin Shagari ta yi haka a Najeriya, kuma duka biyun mutanenmu suna cikin waɗanda suka ɗauro kaya a ka. Wanda ya ga haka dole ya ji tsoron duk littafin da gwamnati za ta rubuta sunansa a ciki. Ga shi kuma tun 29 ga Janairun 2025 Nijar ta fita daga ECOWAS, ƙungiyar da yarjejeniyarta ta 1979 ta ba mu damar shiga ƙasashen juna ba tare da biza ba. An ce a ci gaba da mutunta zirga-zirga kafin a ga abin da hali zai yi, amma wannan alfarma ce, kuma alfarma ana iya janye ta.

Duk da haka, Baba, da girmamawa nake cewa ban yarda da kai ba. Rashin takarda bai taɓa hana a tatse ka ba, kai da bakinka ka faɗa. Wanda ba a rubuta ba shi ya fi sauƙin kora, don ba mai tambayar inda ya shiga. Ɗan Dakwaron nan, rashin suna a jeri ne ya kwanar da shi huɗu a tsare. Inda gardamar take shi ne yadda za a yi rajistar. Ta zama kyauta ko da ɗan abin da kowa zai iya. A karɓi katin shaidar ƙasar da mutum ya fito. A bi ta hannun sarakunan Hausawa na kudu da shugabannin 'yan ci-rani, waɗanda tun can su ne suke tsaya wa mutum su ce na san shi, na san ubansa. Sannan babban sharaɗi: in an samu mai gadi ba shi da kati, tara ta hau kan maigida ko kamfani, kada ta hau kan mai gadin. In aka juya nauyin haka, ɗan sandan shinge ba shi da abin da zai tsorata ka da shi, kuma maigida ne da kansa zai kai ka a yi maka.

Masu kamfanoni kuma za su ce in aka tilasta masu biyan cikakken albashi, masu hulɗa da su za su gudu, ayyuka su mutu. To su wa ne manyan masu hulɗar? Bankuna ne, da kamfanonin waya, da na mai, da ofisoshin jakadanci, da ma'aikatun gwamnati kanta. Banki ba zai kwana ba mai gadi don an ƙara kuɗin gadi. Gwamnati ta fara da kanta: duk kwangilar gadin da za ta bayar, a rubuta a ciki nawa ne zai isa hannun mai gadi. Kuma mai kamfanin da ke biyan yaransa da gaskiya ya kamata ya fi kowa goyon bayan wannan, domin abin da ke kashe masa kasuwa shi ne maƙwabcinsa da ke karya farashi da albashin mutane.

Ana cikin wannan hali ne wasu masu kamfanoni suke ta kiran a gyara doka a ba yaransu bindiga. Hujjarsu ita ce tsaro ya taɓarɓare, 'yan sanda ba su isa ba, ɗan fashi na zuwa da AK-47 shi kuwa mai gadi kulki da tocila ne a hannunsa. Gaskiya ne 'yan sanda sun yi kaɗan, kuma wani kaso mai yawa nasu yana bin manyan mutane yana riƙe masu jaka. Kusan kowane sabon Sufeto Janar sai ya ba da umarnin janye su, bayan 'yan watanni ka gan su sun koma. Amma maganin wannan shi ne a ɗauki bindiga a miƙa wa mutumin da ya yi wata uku ba albashi, wanda bai samu horon kirki ba, wanda kamfaninsa zai iya cewa bai san shi ba? Amurka da duk ƙarfin dokarta ta ɗanɗana. A 16 ga Satumban 2007 ma'aikatan kamfanin Blackwater suka buɗe wuta a dandalin Nisur na Bagadaza, suka kashe fararen hula 17. Sai a 2014 kotu ta samu huɗu daga cikinsu da laifi, a Disamban 2020 kuma Shugaba Trump ya yi masu afuwa. Mu nan Maraɗi muna da ƙarin dalilin tsoro. Mutanen Madarunfa da Gidan Rumji sun san cewa bindigar da ta ɓace a Zamfara ko Katsina, a ƙauyukansu ake jin ƙararta. Wanda bai iya ƙirga mutanensa ba, ba zai iya ƙirga harsasai ba. A fara da littafin suna da takardar albashi, in an yi shekaru ana ganin gaskiya, sannan a zo a yi maganar makami.

Kada a ce na hango na maƙwabci na manta namu. A Yamai da Damagaram da Agadas da nan Maraɗi, kamfanonin gadi sun yawaita, a ƙofar bankuna da kamfanonin waya da ofisoshin ƙungiyoyin agaji. Muna da dokar ƙwadago ta 2012, muna da asusun CNSS, muna da sufetocin aiki. Je ka tsaya a ƙofar ɗaya daga cikin ofisoshin nan, ka gaisa da mai gadi, ka tambaye shi lambarsa ta CNSS, ka ga irin kallon da zai yi maka. A cikin ofis ana taro a kan haƙƙin ɗan Adam ƙarƙashin na'urar sanyaya ɗaki, a bakin ƙofa ga ɗan Adam ɗin yana jiran albashin watan da ya wuce. Hukumominmu kuma, da suke jin daɗin kuɗin da 'yan ci-rani ke turowa yana toshe ɓarakar rani, ya kamata su tambayi kansu: ofishin jakadancinmu na Abuja da ƙaramin ofishin Kano, a ranar da aka tsare ɗan ƙasa mai gadi, wa ke ɗaga waya?

Abin da nake nema ba shi da yawa, kuma ya shafi ƙasashen biyu. Na farko, kati da lamba ga kowane mai gadi, na kamfani ne ko na gida, ɗan ƙasa ne ko baƙo. Na biyu, kada a sabunta lasisin kamfani sai ya nuna shaidar biyan albashin watanni 12 ta banki ko ta waya, suna bayan suna. Na uku, horo kafin a fara aiki, cikin harshen da mutum yake ji, Hausa ko Buzanci ko wani, a koya masa iyakar ikonsa, cewa ɓarawo kama shi ake yi a miƙa wa hukuma, a koya masa abin yi in gobara ta tashi ko wani ya ji rauni. Na huɗu, diyya ga wanda ya naƙasa ko ya mutu a bakin aiki. Najeriya tana da dokar diyyar ma'aikata tun 2010, wadda ta ɗora wa mai ɗaukar aiki zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi a asusun hukumar NSITF. A mayar da shaidar zubawar sharaɗin lasisi kawai. Na biyar, wurin kai ƙara da mai gadi zai iya kira da wayarsa a saurare shi da harshensa, ba tare da ya rasa aikinsa washegari ba.

Kafin gwamnatoci su farka, akwai abin da ke hannunmu. Kai mai karatu da kake da mai gadi a ƙofa, ko kake cikin kwamitin unguwa ko na kasuwa ko na masallaci da ke biyan kamfani, gobe da safe ka tambaye shi cikakken sunansa da garinsu, ka rubuta. Ka tambaye shi nawa ke isowa hannunsa, kuma yaushe rabonsa da shi. Ka kira kamfanin ka ce ba za ka sake biya ba sai ka ga shaidar ya samu nasa. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma mu da muke barci da idon wani, mun daɗe da cin ladan.

Ɗan Dakwaron nan ya bar kamfanin, albashinsa na wata uku ya bi ruwa. Yanzu yana gadin wani gini da ba a gama ba a bayan gari. Yana kira kusan kowane mako don gaishe-gaishe, ya gaida matarsa da tsohuwarsa da abokan fadarsu ta shayi. Duk lokacin da ya kira, kafin ya ajiye sai ya ce: "Malam, ya maganar takardar nan?" Ni kuma in ce masa muna nan muna faɗa. Allah ya sa masu ba da lasisin su ji, ya kuma tsare masu tsaronmu.